Tsibirai Uku da Rijiyar Mantuwa

Bahaushe mutumin tudu ne. Duk wanda ya zauna ya nazarci tatsuniyoyinmu zai tarar cewa da wuya a ambaci ruwa mai zurfi ba a ambaci wani abin tsoro tare da shi ba, ko Dodo, ko 'yan ruwa, ko kada mai jiran marainiyar da kishiyar uwa ta aika wanki. In ban da Sarkawan Kabi da maƙwabtanmu Gungawan Yawuri da masuntan bakin gulabe, yawancinmu iyakar hulɗarmu da ruwa ita ce rijiya da tafki da ƙoramar damina. Amma abin lura shi ne, lokacin da dogo ya iso Kano a 1911, kakanninmu ba su sami sunan da za su ba abin da ke gudu a kansa ba sai da suka koma bakin kogi suka aro kalmar jirgi, haka kuma suka yi wa na sama da ya zo daga baya. Ke nan tun asali abin da Bahaushe ya sani da ɗaukar mutum ya ƙetare da shi zuwa wata duniya, na ruwa ne.

Mu da aka haifa a Sabon Ibadan muna da namu matsayi na daban a cikin wannan al'amari. An kafa unguwarmu a 1916, kuma goro da shanu ne suka raya ta, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafin da ya rubuta a kanta a 1969. Tsakaninmu da Ikko bai wuce kimanin kilomita 130 ba. Mun san Agege, mun san Idi-Araba da Obalende, muna da dangi da abokan ciniki a kowannensu. Sai dai Ikkon da muka sani ta kasuwa ce da tashar mota da gidan maigida. Mutum zai yi shekara talatin yana kai kaya yana komowa bai taɓa tsayawa ya dubi teku ba. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta haura shekara saba'in ba ta gan ta ba, alhali mahaifinta a cikinta ya ci ƙuruciyarsa, yana rakiyar huhunan goro daga Ankara ta ƙasar Gana zuwa Ikko a jirgin ruwa, a kan hanyar da irin su Alhassan Ɗantata suka buɗe bayan da ayarin jakunan Gwanja ya fara ja da baya.

Abu biyu ne suka sa muka ɗaura niyyar wannan tafiya. Na farko shi ne nacin yara. Sun ga manyan jiragen shaƙatawa a waya, irin waɗanda ke ɗaukar dubban mutane suna yawo da su daga tsibiri zuwa tsibiri a ƙasar Girka ko a yankin Karebiyan, kowane jirgi kamar unguwa guda, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci. Muka gaya musu gaskiya cewa albashin malamin jami'a ko na shekara guda aka tara ba zai hau da mu wannan jirgi ba, amma a ƙasarmu ma akwai tsibirai, akwai kuma jiragen da ke zuwa can. Na biyu ya fi nauyi. Tun bayan rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, wanda aka yi asarar rayuka da dukiya a cikinsa, mutane da dama kuma suka kwashe iyalansu suka yi Arewa, babban ɗanmu ya riƙa maimaita mana wata tambaya: "Baba, mu in an ce kowa ya koma garinsu, ina za mu?" A makaranta ana ce masa Gambari. In mun je Kano hutu kuma, 'ya'yan kawunnansa su yi ta dariyar Hausarsa suna kiransa ɗan Kurmi. Mun ba shi amsoshi iri-iri, amma a fuskarsa muna ganin babu wadda ta zauna.

Da labarin tafiyar ya fita a cikin dangi, ba kowa ne ya yi murna ba. Kawu, wanda ke sana'ar canji a bakin titin Sabo, ya kira mu gefe ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, kuɗin da za ka ƙara a na makarantar yara ko ka ajiye don aurar da 'ya, shi za ka zuba a ruwa?" Magana ce ta mai hankali, domin Bahaushe ya san tafiyar fatauci, da ta neman ilimi, da ta zumunci, da ta aikin Hajji, amma tafiyar da ba a sayo komai ba a sayar da komai, ba a kuma gaida kowa, yana ganinta kusa da almubazzaranci. Muka tuna masa cewa Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943, abin da ya komo da shi littafi ne, ya kuma raɗa masa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Kawu ya ce shi Imam ba da kuɗin aljihunsa ya je ba. Aka yi dariya aka tashi. Uwargida ce ta warware matsalar, ta ce kwasar adashinta ta watan Nuwamba ta sadaukar. Inna kuwa da fari cewa ta yi atafau ba za ta ba, wai ruwa ba shi da reshen da mutum zai kama. Sai da Auta, jikan da take kira maigidanta, ya ce in ba ta je ba zai auro Bayerabiya a can ya bar ta, sa'an nan ta ce, "To, maigida, ai sai in bi ka in ga wadda za ta karɓe ka da wannan ƙaton kan."

Ran wata Alhamis cikin hutun ƙarshen shekarar 2023 muka kama hanya, mu bakwai: mu da uwargida, da yara huɗu, da Inna. Muka shiga jirgin ƙasa a tashar Moniya, a kan sabon dogon da aka buɗe a 2021, muka sauka Ebute Metta kafin azahar. Daga nan muka ƙetara cikin Ikko, wadda ita kanta tsibiri ce ko da yake gadoji sun mantar da mutane haka, muka nufi inda ake shiga ƙananan jirage masu inji. Aka miƙa wa kowa rigar ruwa. Inna ta juya tata, ta dube ta sama da ƙasa, ta tambayi yaron jirgin da Yarabanci ko an taɓa wanke ta, kana ta ɗora a kan mayafinta. Da matuƙi ya tayar da inji, muka ji tana karanta addu'ar da Annabi Nuhu ya yi da zai shiga jirgi, hannunta ɗaya riƙe da tasbaha, ɗayan kuma damƙe da wuyan rigar Auta.

Zangonmu na farko shi ne Tarkwa Bay, wani bakin yashi da ke kusa da mashigar tashar jiragen ruwa ta Ikko, wanda ba a zuwa sai ta ruwa. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma a cikinta muka wuce jiragen dakon kaya waɗanda in ka ɗaga kai ka dubi tsayinsu sai hularka ta faɗi. Da muka sauka, yara suka ruga. Inna ta tsaya nesa ta daɗe tana kallon yadda ruwan ke tasowa ya fashe ya koma, ba ya gajiya. Can sai ta cire takalmi ta matsa, ta kamfata a tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Ashe Baba gaskiya ya faɗa. Ya ce ruwan ba ya shayuwa, amma malamai sun ce ya halatta a yi alwala da shi." A nan ta yi alwalar la'asar. Wani mai sayar da kwakwar Attagara ya nuna mana filin da gidansu yake kafin watan Janairun 2020, lokacin da sojojin ruwa suka tashi mazauna wurin bisa zargin fasa bututun mai. Ya ce a nan aka haife shi, yanzu kuwa kullum sai ya biya kuɗin fito ya zo ya yi talla a inda aka binne cibiyarsa. Babban ɗanmu ya tsaya yana saurare bai ce uffan ba.

Kashegari da sassafe muka ɗauki shatar wani jirgi zuwa Badagry, ta cikin doguwar mashigar ruwan da ta bi gefen teku ta yi yamma har Kwatano. Muka wuce Apapa da tashar Tin Can, muka bar hayaƙi da ƙarar birni a baya, sai ga ƙauyukan masunta, ga taruna a shanye, ga yara 'yan shekara shida suna tuƙa kwalekwale su kaɗai kamar yadda namu ke tuƙa keke. A tsakiyar hanya injin ya yi tari ya mutu. Kainuwa ce ta rufe ruwan ta naɗe farfela, domin lokacinta ne. Muka yi kusan minti ashirin ruwa na juya mu a hankali, yaron jirgi ya sunkuya yana cizge ganye da hannu. Babbar 'yarmu ta ciro guda ta ɗaga, ga saiwa fal tana ɗigar da ruwa, amma ba ta kama ƙasa ba. Inna ta yi mata kirarinta na kainuwa dashen Allah, ta ƙara da cewa, "Kishiya, mayar da ita. Inda duk ruwa ya kai ta, nan ne gidanta."

Muka ya da zango a tsibirin Topo, gabas kaɗan da Badagry, inda limaman Katolika suka kafa gonar kwakwa da makaranta tun a ƙarni na 19. Abin da ya saura shi ne kangaye da itatuwa da shiru. Yara suka tarar da abin da suka zo nema, wato yashi da inuwa da fili, muka shimfiɗa tabarma muka buɗe dambun nama da soyayyar doya da uwargida ta ƙunso. Da a nan tafiyar ta ƙare, da mun komo da hotuna da baƙin fata da labarin mutuwar inji, Kawu kuma ya ce ai ya faɗa.

Rana ta uku muka ba Badagry. Mai yi mana jagora ya fara kai mu benen da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda ake yi wa laƙabi da bene na farko a Nijeriya. Muka yi murmushi kawai, domin hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, amma baƙo ba ya gyara wa mai gida zance a ƙofar gidansa. Daga nan sai gidan tarihi, inda aka ajiye sarƙoƙi da mari da ƙarfen da ake ɗaure bakin bawa da shi. Sa'an nan gidan Seriki Abass, mutumin da aka kama yana yaro aka sayar, ya yi bauta har ƙasar Barazil, ya komo ya zama babban dillalin bayi da kansa, ya kuma riƙe sarautar Musulmin garin kafin rasuwarsa a 1919. An nuna mana ɗakunan da ake tsare mutane, ƙanana masu duhu, da 'yar taga guda can sama, aka ce kowanne akan cusa mutum arba'in. Ɗanmu ya lura da sunan, ya ce, "Baba, Seriki ai Sarki ne." Muka ce haka ne, kalmarmu ce Yarbawa suka ara.

Nan muka zauna a gindin wata bishiya muka ba su abin da muka sani. Muka gaya musu cewa hanyar da ta tashi daga wannan gari ba ta tsaya ba sai Sakkwato, domin daga nan Clapperton ya kama hanya a watan Disambar 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma tafintansa wani Bahaushe ne mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, da aka taɓa sayarwa aka ɗora a jirgi, Allah Ya kuɓutar da shi ya komo. Muka gaya musu cewa a cikin mutum fiye da miliyan 12 da aka ƙetarar da su tekun Atlantika akwai Hausawa, kuma tsibiran nan na Karebiyan da suka gani a waya, gonakin rake ne da bayi suka noma. Ba mu ɓoye musu ɗaya gefen ba: a cikin masu kamawa da masu sayarwa ma akwai namu, akwai rinji a ƙasar Hausa, akwai kasuwar bayi a manyan biranenmu, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

Da rana ta yi sanyi muka shiga kwalekwale muka ƙetara zuwa Gberefu, tsibiri na uku, tafiyar 'yan mintoci. Daga gaɓa akwai hanyar yashi ta kusan rabin awa a ƙafa, wadda ta ratsa cikin itatuwan kwakwa ta ɓulle bakin teku, inda ake cewa wanda duk ya kai nan ba ya komowa. A tsakiyar hanyar akwai wata tsohuwar rijiya. Jagoranmu ya ce a nan ake tilasta wa bayi su sha ruwa, an yi masa asiri, wanda ya sha sai ya manta garinsu da sunansa da harshensa. Inna ta ce ƙafarta ta gaji, a bar ta nan. Muka ce sai mu zauna tare. Ta yi shiru tana kallon bakin rijiyar, sa'an nan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba:

"Kakata ta wajen uwa ba ta sha wannan ruwa ba, amma ta manta."

Ba mu taɓa jin wannan zance ba, mu da muka haura arba'in. Abin da muka sani shi ne kakar Inna mutuniyar ƙasar Zazzau ce. Inna ta ce a Zazzau ta girma, amma kawo ta aka yi. Mahara ne suka ɗauke ta tana yarinya ƙarama, ta fita ɗebo itace da yayarta, kafin zuwan Turawa. Tana da wata irin tsaga a kumatu wadda babu wanda ya taɓa gane ta ina ce. Sunan da uwarta ta raɗa mata ma bai zauna mata ba, wanda ubangidanta ya sa mata shi ta mutu da shi. Abin da ta riƙe uku ne: garinsu a kan dutse yake, akwai rafi a ƙarƙashinsa, kuma in tana niƙa takan yi ƙirga da wani harshe daga ɗaya zuwa biyar, ta tsaya, ta sake daga farko, domin iyakar abin da ta iya ke nan kafin a ɗauke ta. Inna ta ce uwarta ta hana a faɗa, don kada a goranta wa 'ya'yanta ranar aure. Sa'an nan ta ƙirga mana kalmomin nan biyar da yatsunta, kamar yadda ta ji su tana 'yar shekara goma a gindin dutsen niƙa a cikin Sabo. Babbar 'yarmu ta ce, "Inna, sake faɗa," ta ɗauka a waya.

Muka ƙarasa bakin tekun da ita, a hankali, tana dafe da kafaɗar babban ɗanmu. Babu wanda ya yi wasa da ruwa a wannan karo.

Mai karatu zai so ya san cewa tarihi bai goyi bayan labarin rijiyar ba. Hausawan da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil ba su manta ba. Sun shirya tawaye a 1807, sun sake a shekarun da suka biyo, kuma a babban boren watan Janairun 1835, wanda aka yi cikin goman ƙarshe na watan azumi, Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, da Hausawa a tare da su, aka kuma sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wani jakadan Faransa a can, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa ya yi musu tambayoyi, ya buga abin da suka gaya masa a 1851, ga sunayen garuruwa, ga zangunan hanya, kamar jiya suka baro. Su da manyansu aka kama su, suna tare da 'yan'uwansu, suna da wanda za su yi magana da shi. Kakar Inna kuwa ko teku ba ta ƙetara ba, amma an raba ta da masu jin harshenta tana ƙarama, daga baya kuma kunya ta sa 'ya'yanta suka rufe ɗan abin da ya rage. Abin da ke shafe asalin mutum ke nan, rashin mai faɗa da rashin mai saurare, kuma wannan ba ya bukatar boka.

A jirgin ƙasa muna komowa ɗanmu ya sake tayar da tambayarsa, amma ta sauya kama. Ya ce, "Ke nan mu ba Kanawa ba ne zalla." Muka ce masa Kanawa ne ta wajen kakan da ya yi fataucin goro, Zazzagawa ne ta wajen wata, mutanen wani dutse ne da ba mu san sunansa ba ta wajen wata, kuma 'yan Ibadan ne, domin a maƙabartar garin nan aka binne kakanninsa biyu, Yarabancin da ke bakinsa kuma ba aro ya yi ba. Muka ce in ya bincika, da wuya ya sami gidan Bahaushe da ba haka yake ba, sai dai wasu sun sani wasu ba su sani ba. Ba mu ce amsar ta share masa tsoron abin da ya gani a 2021 ba, domin takardar shaidar asali da ake tambaya a wurin neman makaranta da aiki ba ta da gurbin irin wannan bayani. Amma tun daga ranar in an kira shi ɗan Kurmi yakan amsa.

Da muka ba Kawu labarin, ya yi shiru ya daɗe, domin kakarsa ce shi ma. Ya ce ya tuna tsagar, bai taɓa tambaya ba. Bai sake zancen kuɗin ba. Yanzu kowace Juma'a bayan la'asar yara kan zauna da Inna da waya a tsakiyarsu, ta ba su labarin Sabo ta da: yadda ake jera goro a ganyen fita, da yadda ake shigo da shanu a ƙafa, da shekarun da ɗariƙar Tijjaniyya ta game unguwar, da sunayen matan da suka yi arziki da tuwon sayarwa daga cikin kulle. Kalmomin nan biyar kuma mun kai su ga abokan aikinmu masana harsuna, ana dubawa.

Ga ɗalibanmu masu neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kansa, muna cewa: akwai tsohuwa a gidanku. Shekara saba'in Inna tana ɗauke da wannan labari a cikin gida ɗaya da mu, ba ta faɗa ba sai da aka fitar da ita daga inda idon maƙwabta yake, aka zaunar da ita a wurin da ya yi kama da abin da ke ranta. Ba lalle sai an je Badagry ba. Wata ƙila Kufena ce, wata Dala, wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wata kuwa bakin kogin da ta ƙetara ranar da aka kai ta ɗakin miji. A kai su, a zauna, a yi haƙuri da shirunsu har su fara. Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba.